“Put off” ko “call off”: ƙananan kalmomin Turanci da ke jefa ma'aikata cikin matsala

Da asubahin wata Litinin wani ƙanena ya taso daga Panda ta jihar Nasarawa, inda iyalinsa suke, ya nufi bakin aiki a Abuja. Hadimin wani darakta ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun gwamnatin tarayya. Motarsu ta wuce Keffi, ta shiga cunkoson Mararaba, sai ga saƙon maigidansa a waya: “Tomorrow's meeting has been put off.” Bai yi wata-wata ba ya shiga kiran waɗanda aka gayyata yana shaida musu an soke taron baki ɗaya. Ya sallami mai abinci, ya kuma saki ɗakin taron da aka kama.

Ranar Laraba darakta ya tambaye shi inda aka kwana game da shirye-shiryen taron, domin yana so a zauna kashegari. Nan fa ido ya raina fata. “Put off” ɗagewa ne zuwa wani lokaci, sokewa kuwa “call off” ake cewa. Kafin a tashi aiki an miƙa masa takardar neman ba'asi, wadda kwafinta zai zauna a fayil ɗinsa. Da darakta ya rubuta “postponed” ko “cancelled”, da bai ruɗe ba, domin waɗannan manyan kalmomi ya san su tun yana sakandare. Ƙananan kalmomi biyu, kowace mai harufa uku, su suka kayar da shi.

Aikatau da ɗan rakiyarsa

Masana nahawun Turanci suna kiran irin wannan gini “phrasal verb”. Aikatau ne gajere, kamar “put”, “take”, “call” ko “look”, wanda ake liƙa masa wata 'yar kalma irin su “up”, “off”, “in”, “out” ko “over”, sai su biyun su haifar da ma'anar da ba lallai a same ta a cikin ɗayansu ba. “Look” dubawa ne. Amma “look into” bincike ne, “look after” kulawa, “look down on” raini, “look up to” kuma girmamawa. Ɗan rakiyar nan da ido ke tsallakewa, shi ke riƙe da linzamin jimlar.

Matsalar tsohuwa ce. Tun a shekarar 1755 Samuel Johnson ya ambata a gabatarwar ƙamusunsa na Turanci cewa irin wannan haɗi shi ne ya fi wahalar da baƙon da ke koyon harshen. Sunan “phrasal verb” kuwa ya bazu ne ta hanyar littafin Logan Pearsall Smith na 1925, Words and Idioms.

Turanci yakan tanadi kalma biyu ga abu ɗaya, kuma hakan na da tarihi. Bayan Normandawa masu magana da Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun yi ta kwarara cikin harshen, suka zama na kotu da fada da rubutu. Gajerun aikatau na asali suka ci gaba da zama a bakin jama'a. Shi ya sa a wasiƙar gwamnati za ka ga “investigate”, “establish” da “reject”, amma a saƙon waya ko a gefen fayil maigida zai rubuta “look into”, “set up” da “turn down”. Makarantunmu sun fi ba da ƙarfi ga rukunin farko, alhali ranar aiki cike take da na biyu.

Bahaushe ya san wannan dabara

Bai kamata abin ya zama baƙo ga mai jin Hausa ba, domin harshenmu yana yin irinsa ta wata hanya. Inda Turanci ke ƙara 'yar kalma a gefe, Hausa ƙarshen aikatau take sauyawa. “Fita” shi ne “go out”, “fito” shi ne “come out”, “fitar da” kuma “take out”. Haka saya, sayo, saye da sayar suke: saiwa ɗaya, ma'ana huɗu, har ta ƙarshen ta zama kishiyar ta farko. Wannan shi ne tsarin da masanin Hausa F. W. Parsons ya karkasa zuwa azuzuwa bakwai a 1960.

Muna kuma da haɗe-haɗen da ba a fassara su kalma da kalma. Wanda ya ci amana, ko ya ci jarrabawa, ko ya ci bashi, bai kai komai bakinsa ba. Yaron Bahaushe ba ya koyon waɗannan ta hanyar haddace ma'anar “ci”, yana ɗaukar kowane haɗi ne a matsayin kalma mai zaman kanta. Haka ya dace a ɗauki “take over”, “take off” da “take up”.

Lokacin da 'yar kalma ta zama siyasa

Tarihin Najeriya yana da misalin da ya fi kowanne fitowa fili. A watan Agustan 1993, bayan rikicin soke zaɓen 12 ga Yuni, Janar Ibrahim Badamasi Babangida ya shaida wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa cewa zai yi abin da ya kira “step aside”. Wanda zai sauka daga mulki “step down” aka saba ji ya ce. Komawa gefe kuwa yana barin ƙofar dawowa a buɗe, kuma haka mutane da dama suka fahimci maganar. Da ya nuna sha'awar takarar shugabancin ƙasa gabanin zaɓen 2007 da na 2011, jaridu sun sake tono kalmar.

Abin da ya biyo baya ma darasi ne. Babangida ya miƙa mulki ga gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan, wato “hand over”. Ranar 17 ga Nuwamban 1993 Janar Sani Abacha ya karɓe mulkin, wato “take over”. Ɗan rakiyar ɗaya ne, amma mai bayarwa daban, mai karɓa daban. Duk ma'aikacin da aka taɓa yi wa sauyin wurin aiki ya san takardar miƙa aiki da ke ɗauke da waɗannan kalmomi biyu.

Hadiman 'yan majalisa kuma su lura: a zauren majalisa idan aka ce an yi wa ƙudiri “step down”, jingine shi aka yi zuwa wani zama. Ƙudirin da aka yi watsi da shi, “throw out” ake cewa.

Turancinmu da na waje

A sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Magaji Ɗan Yamusa da ke Keffi, matasa suna isa ne da takardar kira mai suna “call-up letter”, bayan shekara guda kuma su yi “pass out”, ma'ana sun kammala, kamar yadda ake faɗa a makarantun soja. A Turancin yau da kullum na Ingila da Amurka kuwa, wanda ya yi “pass out” suma ya yi. Wanda ya yi “pass away” ya riga mu gidan gaskiya.

Akwai kuma waɗanda muka ba ma'anarmu. A nan gida idan aka ce mace ta yi “take in”, ciki ta ɗauka, idan ta yi “put to bed” kuma ta haihu. Wannan na biyun yana cikin kalmomin Najeriya 29 da ƙamusun Oxford ya shigar a watan Janairun 2020, tare da Kannywood. Don haka ba kowane amfani namu ba ne kuskure. Amma mai rubuta wa ofishin jakadanci ko wata hukumar ƙasa da ƙasa ya kamata ya san wanda zai karanta. Shugaban taro a Abuja yakan ce “let us round up” idan yana so a kammala. A wajen Bature “round off” ko “wrap up” ne kammalawa, “round up” kuwa shi ne abin da 'yan sanda ke yi wa waɗanda ake zargi.

Ƙa'idoji kaɗan masu amfani

Wasu daga cikin waɗannan aikatau suna rabuwa, a saka suna a tsakiya. Ana cewa “turn down the request”, ana kuma cewa “turn the request down”. Amma idan wakilin suna ne, dole ya shiga tsakiya: “turn it down”. Wasu kuma ba sa rabuwa sam, kamar “look into it”. Akwai kuma inda muke cusa ɗan rakiya ba tare da an gayyace shi ba, kamar “cope up with” da “discuss about”, inda daidai shi ne “cope with” da “discuss” kawai.

Ma'aikacin da ke son ya ƙware zai iya farawa da waɗanda ke yawo a teburinsa: “follow up”, “carry out”, “draw up”, “sign off”, “lay off”, “swear in”. Ya rubuta kowanne a cikin cikakkiyar jimlar da ya gan shi, ya sa ma'anarsa da Hausa a gefe. Idan kuma shi ne mai ba da umarni, kuma maganar ta shafi kuɗi, ko rana, ko aikin wani, gara ya zaɓi kalma ɗaya tilo wadda ba ta da harshen damo, ya kuma faɗi ranar.

Ƙanena ya amsa takardarsa, an ja masa kunne, maganar ta wuce. Yanzu duk saƙon da ya zo masa da “off” ko “up” a ciki, kafin ya kira kowa sai ya mayar da tambaya: “Ranka ya daɗe, ɗagewa aka yi ko sokewa?”