Ɗafa-goshi Da Na'urar Buga Takardu

Bahaushe na jin "Ba-" a Bazamfare ya san mutum ake nufi, tun kalmar ba ta ƙare ba. Haka adireshin intanet yake. A wani shago a Gusau na ga yaro ya zuba adireshin firinta a burauza, don ya ga "http://" a goshinsa. Ya yi ta jira, takardar ɗalibata ba ta fito ba, ga wa'adi ya ƙarato. Alhali ƙa'idar bugu ta IPP, ta 1999, bisa http take tafiya, ta ƙofa 631, kuma wajen saita firinta ake rubuta adireshin. Goshin ne ya yi wa yaron alkawarin shafi. Malaman kwamfuta, ku fara koyar da ma'anar goshi.