Da tsohuwar zuma ake magani: tsohon injin huda a ɗakin sana'a na gida

A cikin kayan aikin da kafinta da maƙeri da mai walda suke bukata, kaɗan ne suka kai injin huda mai ginshiƙi amfani. Wannan inji yana tsaye ne bisa gindi mai nauyi, yana da faranti inda ake aza katako ko ƙarfe, sannan yana da hannu wanda ake murzawa don bakin huda ya sauko miƙe, ba karkata. A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutane da yawa masu ɗan ɗakin sana'a a gida waɗanda suka fi son injin da ya shekara 60 ko 70 bisa ga sabo fil. Da yake tsofaffin injuna na Turai suna isowa kasuwanni irin su Katako ta Yamai, ya dace mai karatu ya san dalilin wannan zaɓi, da abin da ake dubawa kafin a ba da kuɗi.

Asalin waɗannan injuna

A shekara ta 1919 wani mutum mai suna Herbert Tautz ya kafa masana'antar Delta a birnin Milwoki na Amurka, inda ya riƙa ƙera ƙananan injuna domin masu aiki a gida. Kamfanin Rockwell ya saye ta a 1945. A wannan zamani ne kuma sunaye irin su Walker-Turner da Atlas da Craftsman suka bazu. Ingila ta fitar da Fobco da Meddings, Jamus ta fitar da Flott da Alzmetall, Faransa kuwa da Syderic.

Darajar waɗannan injuna tana cikin ƙarfen zubi mai kauri da aka yi kansu da farantinsu da gindinsu da shi. Nauyin nan, wanda sau da yawa yakan haura kilo 50 ko ga injin da ake azawa bisa tebur, shi ke shanye girgiza, huda ta fito da kyau. Ban da haka ƙirarsu ba ta da wuyar ganewa: moter ɗaya ne, da puli biyu masu hawa-hawa, da kuruwa guda, da sandar juyi. Duk makaniken da ya iya aikinsa yana iya kwance su ya mayar. Har ma wasu ma'aunai nasu ba su sake ba. Ramin da Stephen Morse ya tsara a 1864 don shigar da bakin huda, da mariƙin baki mai mabuɗi wanda Arthur Jacobs ya fito da shi a 1902, ana aiki da irinsu har yanzu, saboda haka sabon baki yana shiga tsohon inji.

Kada a yi cinikin biri a sama

Fenti ba shi ne inji ba. Tsatsa ta sama-sama tana fita da kananzir da takardar goge ƙarfe, amma akwai lahanin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Abu na farko da mai saye zai duba shi ne sandar juyi. Sai ya ɗaure miƙaƙƙen ƙarfe a mariƙi, ya juya puli da hannu a hankali, yana kallon ƙarshen ƙarfen. In yana rawa hagu da dama, to ko mariƙin ya lalace, wanda ana iya sake shi, ko kuwa sandar ce ta tanƙware, wannan kuwa babbar asara ce.

Na biyu, ya sauko da sandar har iyakarta, ya kama ta ya girgiza. In tana motsi cikin gidanta, inji ya ci aiki ƙwarai, kuma ba zai huda daidai wurin da aka yi alama ba. Na uku, ya duba ko akwai tsaga a kai ko a wuyan faranti, domin ƙarfen zubi ba ya karɓar walda kamar ƙarfen ƙofa, yakan sake tsagewa gefen ɗinkin. Ƴan ramukan da masu ganganci suka bari bisa faranti muni kawai gare su, ba su hana aiki. Na huɗu, ya sa a tada inji ya saurara. Gurnani alama ce ta rulma da ta mutu. A injunan Turai galibi rulma ce ta gama-gari wadda ake samu wurin masu sayar da kayan mota, amma wasu tsofaffin injunan Amurka suna da irin tasu daban mai wuyar samu, kuma notinansu da inci ake auna su.

Maganar wuta

Nan ne mutane da dama suke yin hasara. Wutar gidaje a Nijar volt 220 ce, mai bugu 50 a daƙiƙa, alhali injin Amurka an yi shi ne domin volt 110 zuwa 120 da bugu 60. In aka haɗa irin wannan moter kai tsaye, ƙonewa zai yi. Ko an sa masa na'urar rage wuta, gudunsa zai sauka daga wajen juyi 1725 a minti zuwa wajen 1425, kuma yana iya yin zafi. Injunan da suka fito daga masana'antun Turai kuma da yawa na volt 380 ne masu layi uku, wadda ba kowane gida ke da ita ba. Don haka a karanta ɗan allon da ke manne jikin moter tun kafin a shiga ciniki. In bai dace ba, a sa kuɗin wani moter cikin lissafi. Sake shi ba shi da wuya tun da galibi notuna huɗu ne ke riƙe da shi. Tsofaffin wayoyi kuma a cire su duka, a haɗa jikin inji da wayar ƙasa. A ƙauyen da babu lantarki, injin huda na hannu wanda ake kafewa jikin gungume, irin na maƙeran Amurka na da, yana huda ƙarfe sarai.

Gudu da kiyaye kai

Ƙa'idar gudu guda ce: in baki ya yi kauri ko abin hudawa ya yi tauri, a rage gudu. Ga ƙarfe na yau da kullum, baki mai milimita 6 yana son wajen juyi 1300 a minti, mai milimita 12 kuwa wajen 650, tare da ɗigon mai. Ana rage gudu ta hanyar mayar da kuruwa bisa ƙaramin hawa na pulin moter da babban hawa na pulin gaba. Wasu tsofaffin injuna domin katako aka yi su, gudunsu mafi ƙanƙanta ya yi yawa ga babban rami a ƙarfe, saboda haka mai walda ya lura da wannan.

Tsohon inji sau da yawa ba shi da murfin kuruwa, kuma ba ya tsayawa da kansa in ya kama mutum. Hatsarin da ya fi aukuwa shi ne baki ya cije lokacin da yake ɓullowa, ƙarfen ya kuɓuce ya riƙa juyawa kamar wuƙa. Maganinsa a ɗaure abin hudawa ga faranti, kada a riƙe shi da hannu. Babbar riga da jelar rawani da safar hannu ba su da wuri kusa da sandar da ke juyi. A cire mabuɗin mariƙi kafin a kunna, a sa tabarau, a share ɓarɓashi da buroshi bayan inji ya tsaya, yara kuma su yi nesa.

Wanda ya sami inji mai miƙaƙƙiyar sanda, marar tsaga, ya sa masa moter da ya dace da wutar gidansa, ya kuma riƙa rufe shi saboda ƙurar hunturu, to ya mallaki abin sana'a da ɗansa zai iya gada. Wanda kuwa ya bi ƙyallin fenti da arahar kuɗi, sai ya tuna cewa araha ba ta ado.