Me Ke Hana Malami Zuwa Makaranta?

Manomi ya san in bai je gona ba, ciyawa ba ta jiransa. Haka makaranta take. Ranar da malami bai zo ba, yara sun yi asarar karatu, iyaye kuma sun rasa hannun da zai taya su aiki a gona. Asara biyu ke nan.

A 2002 da 2003 masu bincike tare da Bankin Duniya sun riƙa shiga makarantun firamare ba sanarwa a ƙasashe shida. Suka tarar cikin malamai 100, kamar 19 ba sa nan. A Peru 11 ne, a Indiya 25, a Yuganda 27.

Da yawa za su ce lalaci ne. Akwai malalata, gaskiya ne, amma binciken ya nuna wasu dalilai. Makarantar da ke nesa da hanyar mota, wadda ba ta da masai ko rufi mai kyau, ita ce malamai suka fi ƙaurace wa. Malamin da aka haifa a yankin kuwa ya fi baƙo zama a bakin aiki. Inda sufeto ba ya leƙawa, fashi ya fi yawa. Sai ciwo da jana'iza, da aikin zaɓe ko ƙidaya da gwamnati kan ɗora wa malamai.

Mutanen tsibirai ma suna shan wannan wuya. Ƙasar Indunusiya tana da tsibirai fiye da 17,000. A can, da kuma Papuwa Niyu Gini, malamin ƙauye yakan shiga kwale-kwale zuwa gari don karɓar albashi ko ganin likita. In teku ya tashi, sai ya jira, aji kuma a rufe. Mu da rafi kan yanke mana hanya da damina mun san irin wannan.

Akwai magani. A 2003 wata ƙungiya mai suna Seva Mandir a jihar Rajastan ta Indiya ta ba malamanta kyamara. Yaro yakan ɗauki hoton malami da 'yan aji safe da lokacin tashi, a biya malami bisa kwanakin da ya zo. Fashi ya sauka daga 42 cikin 100 zuwa 21.

'Yan'uwa manoma, ba sai da kyamara ba. Ƙungiyarmu tana iya yin gayya ta gina wa malami ɗaki kusa da makaranta, ta ba shi 'yar gona. Dattawa biyu su riƙa leƙa makaranta kowane mako, su tambayi hedimasta cikin ladabi. Mu kuma tura 'ya'yanmu kwalejin horon malamai, su dawo gida su koyar.

A taronku na gaba, ku sa wannan magana a gaba. Allah ya taimake mu.