Motar da yarona ya liƙa a bango: abin da na koya game da Nissan GT-R

Yarona mai shekara 13 ya liƙa hoton wata mota a bangon ɗakinsu. Ranar da na fara ganinta gabana ya faɗi, domin ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na sha kwana a kan samarin da aka kwaso daga wasan mota na biki, wani da karaya, wani ko motsi ba ya yi. Na so in yage hoton, sai na daure na ce masa, "Zo ka faɗa mini, me ke cikin motar nan?" Daga nan muka shiga bincike tare.

Sunanta Nissan GT-R, ƙirar Japan. An fito da ita a 2007 ƙarƙashin jagorancin injiniya Kazutoshi Mizuno, aka ci gaba da ƙera ta har 2025. Injinta mai silinda 6 ne, lita 3.8, da tarbo biyu masu tura masa ƙarin iska. Ta farko ta zo da ƙarfin doki 480, tana kuma iya wuce kilomita 300 a awa. Da hannu aka riƙa haɗa injin a masana'antar Yokohama, ƙwararre ɗaya ga inji ɗaya, kuma a ƙirar shekarun ƙarshe an riƙa manna sunansa a jikin injin.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take raba ƙarfi. Yawancin ƙananan motocinmu tayoyi biyu ne ke jan su. Ita kuwa duk huɗun suna iya ja. A tafiya ta yau da kullum kusan duk ƙarfin na tafiya ga tayoyin baya. Da zarar kwamfutar motar ta ji sun fara sulɓewa, a kwana ko a jiƙaƙƙiyar kwalta, sai ta tura wa na gaba kaso, har zuwa rabi. Kamar uwa ce mai rabon tuwo, wadda ta san wanda ya ƙoshi da wanda ke buƙatar ƙari.

Don kada nauyi ya taru a gaba, sai injiniyoyin suka bar inji a gaba suka kai akwatin giya baya. Hakan ya sa akwai farfela biyu a ƙarƙashinta: ɗaya na kai ƙarfi baya, ɗayar na dawo da kason tayoyin gaba.

To amma 'yar uwa, ga inda aikina ya shigo. Jan tayoyi huɗu yana taimakon mota wajen tashi da riƙe hanya, amma ba ya rage nisan da take buƙata kafin ta tsaya, domin dama kowace mota da tayoyi huɗu take taka birki. Kuma idan gudu ya ninka biyu, nisan birki ninkawa huɗu yake yi. Idan mota ta daki abu ta tsaya cak, jikin mutum bai tsaya ba. Ƙwaƙwalwa da hanta da saifa suna ci gaba da tafiya a cikin jiki. Shi ya sa wani zai zo ba jini a jikinsa, alhali yana zubar da shi ta ciki.

Su kansu masu ƙera ta sun san haka. Wadda aka riƙa sayarwa a Japan an ƙayyade mata kilomita 180 a awa, ba a iya cire wannan takunkumi sai na'urar gano wuri ta tabbatar motar tana filin tsere. Da na karanta wa yarona wannan, sai ya yi shiru, can ya ce, "Umma, ashe ba don titi aka yi gudun ba."

Hoton yana nan ban cire ba. Mun dai yi yarjejeniya: babu taɓa sitiyari sai ya kai 18 ya yi lasisi, babu zuwa kallon wasan mota, kuma bel ɗin kujera dole ne ko a baya ya zauna. Ni kuma na yi alkawarin kai shi garejin kawunsa lokacin hutu ya ga cikin inji da idonsa. Lissafin da a da sai na yi da gaske yake zama a kansa, yanzu shi ke ɗauko littafin, tunda ya ji injiniya ba ya yi sai da shi.

Ke fa, me yaronki ya liƙa a bango? Ki faɗa mana a ƙasa.