Jakar Goyo Ga Mai Keke: A Auna Bayan Yaro Kafin A Yi Ciniki

Bayan farashin hatsi na wannan mako, muna so mu ja hankalinku ga wani ɗan abu da ba a sa shi cikin lissafin buhu da kwano, amma yana jawo hasara, watau jakar da muke goya wa yaranmu sa'ad da muka aike su a kan keke.

Tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano cikin 2013, sa'an nan aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, keke ya dawo da martabarsa. A Dawanau kullum sai ka ga yaran shago suna kai da kawo, wannan ya ɗauko samfurin riɗi zai kai wa mai saye, wancan da littafin bashi da rasit, wani kuma da kuɗin mutane. Galibinsu masu tasowa ne, ko kuwa manya masu ƙaramin jiki. To, mu iyayen gida mun saba, jakar da muka gaji da ita ita muke miƙa musu. Ai kuwa kayan aro ba ya rufe katara.

Ku dubi yadda abin yake. Kekunan da muka gada, irin su Raleigh da Phoenix, ƙafarsu inci 28 ce, an yi su ne domin dogon mutum. Yaro da ƙyar ƙafarsa ke kai wa feda, ƙugunsa na karkata dama da hagu. In aka ƙara masa jaka wadda ta fi bayansa tsawo, gindinta zai riƙa dukan sirdi, wani lokaci ma ya maƙale in ya zo sauka. In ya ɗaga ta sama, sai ta tokare masa ƙeya, ya kasa waiwaye. In kuma ta yi masa yawa a kafaɗa, da ya taka birki ko ya kauce wa rami sai ta yi lilo ta fizge shi gefe. Wanda ya san hanyar Katsina da yawan tirelolinta ya san wannan fizga ɗaya ta isa.

Saboda haka abu na farko shi ne awo. A sami tef ɗin tela, yaro ya sunkuyar da kai, za a ji wani ƙashi ya fito a gindin wuyansa. Daga nan a auna zuwa daidai saman ƙashin ƙugu, inda mazagin wando ke zama. Ƙaramin jiki yakan ba da inci 14 zuwa 17, ƙato kuwa ya kai 20 ko fiye. Kada bayan jaka ya wuce wannan awo. Ku lura fa, tsayin mutum ba ya nuna tsawon bayansa, akwai dogo mai gajeren baya. In da hali a tafi da yaron kasuwa, in babu a tafi da awon a rubuce.

Na biyu, cikinta. Masu ƙera jaka da lita suke auna ta. Ga mai ƙaramin jiki lita 10 zuwa 15 ta wadatar, in ta yi yawa 20. Mun san halin ɗan kasuwa, kuɗi ɗaya sai ya zaɓi babba wai ta fi auki. Amma jaka babba cika ta ake yi. Mai lita 30 in aka ɗura mata masara ta haura kilo 20, watau kwano 8 da wani abu, tun da buhu mai kilo 100 kwano 40 ne. Likitoci kuwa suna ba da shawara kada kayan bayan yaro su wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyinsa. Yaro mai kilo 40 ke nan iyakarsa kilo 4 zuwa 6, kamar kwano biyu. Abin da ya haura wannan a ɗaure shi a kariya, don haka aka yi ta. Wanene cikinmu zai aza wa ɗan jaki mangalar uwarsa?

Na uku, maratayi. Nan sai mu koyi darasi wurin iyayenmu mata. Mace ba ta barin goyo ya yi reto a ƙugu, takan ɗaga shi ta manna a baya, sa'an nan ta ƙara majanyi. Haka jaka take. A nemi wadda maratayanta suke kusa da juna daga sama, domin kafaɗar yaro ba ta da faɗi, masu nisa zamewa suke yi. Su kasance da laushi, kada su goge wuya ko hammata. Lalle ne a sami ɗan maɗaurin nan na ƙirji, shi ne majanyinta, da na ƙugu in akwai. Ragowar igiya da ke lilo a naɗe ta, ko baduku ya rage ya ɗinke bakin, kada ta shiga wayoyin ƙafar keke. Gafaka da sauran jakunkuna masu marataya ɗaya a bar wa mai tafiya a ƙasa, a kan keke zagayowa gaba suke yi su bugi gwiwa.

Masu duba gwanjo a Ƙofar Wambai, ga wata dabara. Jakunkunan da Turawa ke yi domin mata bayansu gajere ne, maratayansu a matse. Kamfanin Deuter na Jamus yana sa wa irinsu alamar SL. In kun ci karo da ita cikin dila ku ɗauka, babu abin kunya, ita ce daidai da siririn yaro. Sai dai a ja zif sau biyu sau uku, a duba ɗinkin da ya haɗa marataya da jiki, don nan ne take fara mutuwa.

Kafin a biya, a gwada. A sa kwano biyu na hatsi ciki, mai nauyi ya jingina da baya, yaro ya hau keke ya zaga, ya waiwaya dama da hagu, ya taka birki, ya sauka. In jakar ta zauna ba ta motsa ba, an dace. A duba ko tana da aljihun ciki ta wajen baya inda hannun ɗan sane ba ya kaiwa, da soso mai hanyar iska saboda gumin bazara, da ɗan ƙyalle mai walƙiya wanda fitilar mota ke haskawa bayan magariba. Da damina a sa littafi da kuɗi cikin leda tukuna.

Ku kuma masu sayar da jaka, ku riƙa ware ƙanana ku rataye su daban, ku ajiye tef a shago. Wanda ya auna wa mutum ya ba shi daidai, gobe ma wurinsa za a dawo.

Mu kuwa masu aike, mu tuna yaran nan amana ne iyayensu suka ba mu. Samfur in ya zube a sake ɗiba, kuɗi in sun faɗi a yi haƙuri a nemi wasu, amma ƙashin bayan ɗan mutane ba a sayar da shi a kowace rumfa. Allah ya tsare mana su, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.