Ruwan Bagaja: A Ƙwace Ko A Bar Wa Yaro?

Kwanan baya da muka kai ziyara Tambuwal, wata uwa ta tare mu bayan sujada, riƙe da wani ɗan littafi wanda bangonsa duk ya yayyage. Ta ce ƙarƙashin matashin ɗanta ta tsince shi, yaron ya raba dare yana karantawa yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Da ta sa aka karanta mata kaɗan, sai ta ji ƙarya ce da zamba da aljannu. To, ta ƙwace ne ko ta bar masa? Muka duba, ashe Ruwan Bagaja ne na Alhaji Abubakar Imam.

Littafin ya girmi kakan yaron. A shekarar 1933 ne Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Abubakar Imam, haifaffen Kagara, yana ɗan shekara 22, yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, ya shiga da wannan labari. Daga gasar ne kuma aka sami Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East.

Labarin kansa ba wuya. Ɗan sarki ba shi da lafiya, liman ya ce ruwan Bagaja ne maganinsa, aka mai da shi abin dariya a fada. Sai Alhaji Imam, wanda ya tashi a gidan limamin, ya fita duniya neman ruwan don ya wanke wa tsohon kunya. Amma ba don ruwan ake son littafin ba, don Malam Zurƙe ne. Duk garin da Alhaji ya sauka sai ya tarar da wannan hatsabibi, yau wannan ya ɗana wa wancan tarko, gobe wancan ya rama har da riba, ana shan duka ana tashi ana karkaɗe riga. Wani tsohon malamin firamare da muka zauna da shi a Kebbe kashegari, da jin sunan Zurƙe sai da ya yi dariya har hawaye, alhali rabonsa da littafin tun yana ɗan makaranta.

Damuwar uwar nan ba ta banza ba ce. Alhaji maƙaryaci ne, yana cin amanar wanda ya yarda da shi, kuma ya komo gida da daraja ba tare da ya biya bashin kowa ba. Yaron da ya karanta shi kaɗai yana iya ɗauka cewa wayo ya fi gaskiya riba. Wannan kam ba mu ɓoye mata ba.

Duk da haka mun ce ta bar masa. Yaro ɗan shekara goma sha biyu da zai ajiye waya ya bi littafin Hausa daga fari har ƙarshe, ba a ko'ina ake samunsa yau ba. Hausar Imam kuwa tatacciya ce, gajerun jimloli, karin magana a inda ya dace. Mun sha ganin matasa suna in-ina in an miƙa musu Littafi Mai Tsarki su karanta gaban jama'a, ba don komai ba sai don ba su saba da ganin harshensu a rubuce ba. Wanda ya iya karanta Zurƙe da murya, har masu saurare su yi dariya a daidai wurin dariya, ba zai yi tuntuɓe a kan Zabura ba.

Sharaɗi ɗaya muka gindaya mata, cewa kada ya sake karantawa a ɓoye. Bayan tuwon dare ya karanta wa gidan duka, babi ɗaya kowace rana, in an gama dariyar ta tambaye shi wa aka cuta a nan, kuma da shi ne yaya zai ji. Ta ce mijinta ma zai so haka, don tun shekaranjiya yake tambayar inda ta ɓoye littafin.