Kuɗin Manoman Koko Da Binciken Coker

Kowane manomi ya san sikelin da ake auna masa gyaɗa shi ma yana bukatar a riƙa duba shi. Haka yake ga masu binciken dukiyar jama'a. Abin da ya faru a Jihar Yamma ya isa misali.

A 1954 aka ba kowace Jiha hukumarta ta sayen amfanin gona. Hukumar takan sayi koko ko gyaɗa a kan farashin da ta yanka, ta sayar ƙasashen waje, ta ajiye rarar domin ranar da kasuwa ta faɗi. Ta Yamma tana da rarar kuɗi a 1954, amma a 1962 sai ga ta cikin ƙuncin kuɗi.

A shekarar nan, bayan an kafa dokar ta-ɓaci a Yamma, Gwamnatin Tarayya ta naɗa Mai Shari'a G. B. A. Coker ya bincika hukumomi shida na Jihar. Ya tarar an ranta wa wani kamfani miliyoyin fam daga kuɗin manoma, daga nan wasu suka zarce ga jam'iyyar Action Group. Rahoton ya ɗora wa Cif Awolowo laifi, ya wanke Cif Akintola, wanda ya koma kujerar Firimiya a Janairun 1963.

To, nan fa aka rabu. Awolowo shi ne madugun adawa, waɗanda yake adawa da su kuwa su suka kafa binciken. Saboda haka magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne, har gardama ta danne maganar kuɗin.

Amma mai bincike ma yana da na gaba da shi. A 1961 Gwamnatin Tarayya ta tashi binciken National Bank, sai Cif T. A. Doherty ya kai ƙara. Kotun Ƙoli ta ce dokar binciken ta wuce gona da iri, gama ta nemi hana kotu sa baki.

Watau bincike ba ya samun yarda sai an san wanda ya naɗa mai yinsa, an saurari wanda ake zargi, an buga rahoto kowa ya karanta, ƙofar kotu kuma tana buɗe. In babu waɗannan, manomi ya yi hasara biyu: kuɗinsa sun tafi, bai kuma san wanda zai gaskata ba.